Yadda Ake Tara Kuɗi da Riƙon Asusun Gidauniyar Kwaleji a Legas

Maganar kafa gidauniya yawanci a zauren WhatsApp na tsoffin ɗalibai take tasowa. Wani zai turo hoton rufin aji da ya zube, ko labarin yarinyar da aka hana shiga jarrabawa saboda ragowar kuɗin makaranta. Kafin awa guda an cika wuri da "ina ciki", wani mai zafin nama ya turo lambar asusunsa na kansa ya ce a fara zubawa. Bayan wata uku kuma sai a koma tambayar nawa aka tara, wa ya bayar, ina kuɗin suka shiga, mutum biyu sun fice daga zauren cikin fushi.

Hausawan Legas ba marowata ba ne. Dillalan tumatir da albasa na Mile 12, masu raguna a Alaba Rago, fatoma da mahautan Oko-Oba, 'yan canji, ma'aikatan banki da na tashar jiragen ruwa a Apapa, duk suna bayarwa, kuma kullum ana zuwa musu da takardar neman taimako. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne wanda za su ba su kwana da sanin inda kuɗinsu ya tafi. Saboda haka matakan da ke ƙasa sun fi karkata ga yadda za a riƙe kuɗin, domin riƙon ne yake jawo tarawar. Sun shafi kwalejin al'umma mai zaman kanta a Agege ko Idi-Araba, sun kuma shafi tsoffin ɗaliban makarantar gwamnati irin Kwalejin Fasaha ta Yaba ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka.

Mataki na 1: Ku rubuta abin da kuɗin zai yi, da lissafinsa

"Ciyar da ilimi gaba" ba manufa ba ce da ɗan kasuwa zai zaro kuɗi saboda ita. Ku je ofishin kuɗi na kwalejin ku nemi adadin ɗaliban da suka kasa biya a zangon da ya wuce, da nawa ake bin kowa. Ku zaga ajujuwa da magini ya yi muku kiyasi a rubuce. Daga nan ku zaɓi abu biyu, ko uku idan ya yi yawa. Misali: biya wa ɗalibai 40 kuɗin makaranta a kan naira 150,000 kowane, wato miliyan 6 a shekara, da sa sola a ɗakin kwamfuta. Shi ke nan.

Idan kwalejin ta gwamnati ce, ku duba abin da gwamnati ta riga ta ɗauka kafin ku ɗora wa kanku. Gine-gine da kayan aiki a manyan makarantun gwamnati aikin TETFund ne, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Tun 2024 kuma akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, mai ba da rance marar ruwa ga ɗaliban irin waɗannan makarantu. Sau da yawa abin da yaro yake buƙata shi ne wanda zai zauna da shi ya cike neman lamunin, sai gidauniya ta ajiye kuɗinta ga abin da ya rage: kuɗin mota, kayan aikin gwaji, haya, jinya.

Mataki na 2: Ku raba gidauniya da kwaleji, ku yi mata rajista

Gidauniya don kwaleji take, amma ba sashen kwaleji ba ce. A makaranta mai zaman kanta, idan asusu ɗaya ne, ranar da albashin malamai ya gagara za a "ara" daga kuɗin marayu, kuma irin wannan aro ba ya dawowa. A makarantar gwamnati kuwa, kuɗin da ya shiga asusunta ya zama na gwamnati, fitar da shi sai an bi dogon layin ƙa'idojin hukuma, musamman tun da aka dunƙule kuɗaɗen hukumomin tarayya a asusun bai-ɗaya a 2015.

Hanyar da aka fi bi ita ce rajistar amintattu, wato mutanen da za a damƙa wa amanar dukiyar gidauniya, a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ga yadda take:

Ku nemi a tanadar muku suna a shafin hukumar. Ku shirya suna biyu ko uku, don ana iya ƙin na farko.

Ku rubuta kundin tsarin mulki, ku yi taro ku amince da shi, a rubuta bayanin taron da sunayen waɗanda aka naɗa amintattu.

A buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, ɗauke da sunan gidauniya da manufofinta da sunayen amintattu. Doka ta ba da kwana 28 ga duk mai ƙorafi.

A miƙa takardu da shaidar kowane amintacce, a biya kuɗin rajista, a jira takardar shaida.

Lauyan da ya saba da aikin zai rage muku wahala. Abin da ba zai yi muku ba shi ne zaɓen mutane. Doka ta yarda da amintattu daga biyu zuwa sama, ta kuma hana ƙaramin yaro, da mai taɓin hankali, da wanda kotu ta ayyana ya karye bai farfaɗo ba, da wanda aka hukunta kan zamba cikin shekara biyar da suka wuce. A ganina biyar ko bakwai ya fi, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A samu malami wanda ya san hukuncin zakka, da akanta, da ɗan kasuwar da kasuwa take jin maganarsa, da mace aƙalla ɗaya wadda za ta yi magana ba ado ba, da wakilin tsoffin ɗalibai. Shugaban kwaleji ya zauna a taro ya kawo buƙata, amma kada ya zama mai sa hannu a cek. Sarkin Hausawan unguwa kuma matsayin uba ya dace da shi. Idan kuka sa shi cikin masu riƙe kuɗi, ranar da lissafi ya rikice babu wanda zai iya buɗe baki, kuma kun rasa wanda za a kai wa ƙara.

Abubuwa uku kada kundin ya rasa su: wa'adin amintattu da yadda ake sauya su, haramcin raba dukiyar gidauniya ga membobi da sunan riba ko lada, da cewa idan aka rushe ta dukiyarta za ta koma ga wata ƙungiya mai irin manufarta. Biyun ƙarshe doka ce ma ta tanade su.

Mataki na 3: Banki

Da takardar CAC a hannu, ku nemi lambar haraji ta TIN, sannan takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Bankuna sukan nemi duka biyun, haɗe da BVN da NIN na masu sa hannu da takardar ƙudurin amintattu, kafin su buɗe wa ƙungiya asusu.

Idan masu ba ku gudummawa suna ƙyamar kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi kuma suna da rassa a Legas: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ku duba wanda reshensa ya fi kusa da ma'aji, don wanda zai sha gosulo daga Agege zuwa Marina saboda ajiyar naira dubu ɗari zai riƙa kwana da kuɗi a gida.

Masu sa hannu su zama rukuni biyu, shugaba da mataimakinsa a ɗaya, ma'aji da sakataren kuɗi a ɗaya, kuma kuɗi ba ya fita sai da mutum ɗaya daga kowane rukuni. Wannan ƙa'ida ta hau kan tiransifa ta intanet ma: ɗaya ya shigar, ɗaya ya amince daga tasa wayar. Kada ku karɓi katin ATM ko kaɗan. Alat kuma ya riƙa shiga wayar mutum uku, ciki har da wanda ba ya sa hannu.

Mataki na 4: Ku san kowace naira ta wace jaka ce

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi haifar da rigima. Kuɗin da ke shigowa gidauniya ba iri ɗaya ba ne, jaka huɗu ne aƙalla.

Ta farko gudummawar da ba a ɗaura mata sharaɗi ba. Da ita ake biyan odita, da buga rasit, da duk abin da amintattu suka ga ya dace.

Ta biyu wadda mai ita ya ce ga abin da za a yi. Idan Hajiya ta ba da miliyan biyu ta ce rijiyar burtsatse, to rijiya ce. Ko da an wayi gari injin wuta ya ƙone ana tsaka da jarrabawa, ba a taɓawa sai an kira ta an ce, "Hajiya, ga halin da ake ciki, kin yarda a juya?" Idan ta yarda a rubuta, idan ta ƙi a haƙura.

Ta uku zakka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukunin mutane takwas da ake ba, kuma abin da aka san malamanmu na Malikiyya a kai shi ne ba a gina aji ko masallaci da ita. Ɗalibi matalauci ya cancanta, ginin da yake karatu a ciki bai cancanta ba. Don haka a buɗe wa zakka asusunta daban, a kashe ta kan ɗaliban da aka tantance talaucinsu, da saninsu da amincewarsu ko ta waliyyansu, kuma kada a bari ta kwana shekara ana jiran wani aiki. Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka na gwamnati. A nan malamin da ke cikin amintattunku shi ne madogara, ku ba shi ikon cewa a'a.

Ta huɗu wakafi: uwar kuɗi ko kadara da ba a cinyewa, amfaninta kawai ake kashewa. Za mu dawo kanta.

A aikace, ku buga rasit mai lamba da kwafi biyu, da gurbin da mai bayarwa zai nuna jakar da yake nufi. Wanda ya turo ta waya ya rubuta "zakka" ko "rijiya" a bayanin tiransifa. Wanda bai rubuta komai ba, sakataren kuɗi ya kira shi a ranar, ba bayan wata shida ba, lokacin da shi kansa ya manta.

Mataki na 5: Jerin sunaye kafin tallar rediyo

Kuskuren masu farawa shi ne su raba abin da ake nema da yawan jama'a. Ana neman miliyan 50, tsoffin ɗalibai sun kai dubu biyar, kowa ya kawo dubu goma an gama. Ba a taɓa gamawa ta haka. Kaso mafi tsoka daga hannun mutane kaɗan yake fitowa, don haka lissafin miliyan 50 ya fi kama da wannan: mutum ɗaya miliyan 10, mutum biyu miliyan biyar-biyar, mutum biyar miliyan bibbiyu, mutum goma miliyan ɗai-ɗai, ragowar miliyan 10 daga ɗaruruwan masu ƙaramin ƙarfi. Idan kuka zauna kuka kasa ambaton mutum uku da kowannensu zai iya cike layin farko, to ba miliyan 50 ce ƙarfinku ba, ku sauko.

Ku yi jerin a takarda: suna, sana'a, alaƙarsa da kwalejin, abin da aka san yana so, da wanda yake jin kunyarsa. Gurbin ƙarshen nan ya fi sauran amfani. Amintattu su fara zuba nasu, kowa gwargwadon hali, domin tambayar farko da za a yi muku ita ce, "Ku nawa kuka sa?" Jerin nan kuma amana ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a, kuma ko babu ita, ba daidai ba ne lambar wayar mai taimako ta koma hannun ɗan siyasa ko mai talla.

Mataki na 6: Zuwa wurin mai bayarwa

Ba a aika wa babban mutum takarda da ɗan acaba. Mutum biyu suke zuwa: wanda yake jin kunya, da wanda ya riƙe lissafi a ka. Ku san lokacinsa. Dillalin Mile 12 da asuba yana kan sauke mota, kwanduna na wucewa ta kansa, waya biyu na ƙara, ba zai ji ko kalma ɗaya ba. Bayan azahar, an idar da salla an shimfiɗa tabarma a bayan rumfa, nan ne ake magana. Mai raguna kuma kada a tunkare shi ana saura mako biyu babbar salla, jarinsa duka yana ɗaure a turke. Bayan salla da mako guda, ya san ribarsa.

A gaisa sosai, a tambayi iyali da kasuwa da mutanen gida. Sannan babban cikinku ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Yara arba'in ne za su zauna gida bana saboda kuɗin makaranta, goma sha biyu marayu ne. Mun zo mu roƙi ka ɗauki goma, miliyan ɗaya da rabi ke nan." Daga nan a yi shiru. Mai roƙo yakan ji nauyin shirun ya fara rage kuɗin da bakinsa, "ko da biyar ne ma, ko abin da ya sauƙaƙa." Kada ka yi. Bar shi ya yi lissafinsa. Idan ya ce, "To Malam, bari in duba," ka tambayi ranar da za ku dawo, ka rubuta a gabansa.

Wasu za su ce kada a ambaci sunansu, ku kiyaye. Wasu kuma suna so a sa wa tallafin sunan mahaifiyarsu da ta rasu, wannan ƙofa ce mai faɗi, ku buɗe ta. Kamfanoni nasu daban ne: suna son takarda mai kan gidauniya, da kwafin rajista, da rahoton odita, kuma kasafinsu na taimakon al'umma kafin shekara ta kama ake rufe shi, don haka a rubuta musu tun watanni ukun ƙarshe na shekara. Ɗan takara kuma idan ya kawo a lokacin zaɓe, ku yanke matsaya tun kafin ya zo, ku rubuta ta, ta hau kan kowace jam'iyya.

Gargaɗi ɗaya kan tsabar kuɗi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana karɓar tsaba fiye da naira miliyan 5 ga mutum, ko miliyan 10 ga kamfani, ba ta hanyar banki ba. Idan aka miƙo muku jaka, ku yi godiya ku raka mai ita banki.

Mataki na 7: Ranar ƙaddamarwa

Taron ƙaddamarwa ba wurin fara neman kuɗi ba ne, wurin sanar da abin da aka riga aka ɗinke ne. Kada ku sa rana sai kusan rabin abin da kuke nema ya shiga asusu ko an yi alƙawarinsa a rubuce. Babban mai ƙaddamarwa a san abin da zai faɗa tun kafin ya hau mumbari, domin adadinsa ne yake zama rufi ga kowa. Idan ya ce dubu ɗari biyar, babu wanda zai tashi bayansa ya ce miliyan.

Kuɗin taro ya yi ƙanƙanta. Zauren otal a Ikeja da abinci da kyautar baƙi za su iya cinye abin da ya isa karatun yara ashirin. Filin kwalejin da rumfuna ya wadatar, ga shi baƙi za su ga rufin da ake magana a kai da idonsu. Asabar ko Lahadi da hantsi, a gama kafin la'asar, saboda masu komawa Ajah ko Ojo. Idan damina ce a tanadi wurin fakewa.

A ƙofa a ajiye tebur da mutum uku: mai rasit, mai POS da aka ɗaura kan asusun gidauniya, da mai katin alƙawari. Duk wanda ya faɗi adadi a lasifika, yaro ya bi shi har kujerarsa da kati: suna, lambar waya, adadi, ranar biya, sa hannu. Ba raini ba ne, kuma mai sanarwa ya faɗi haka tun farko don kada wani ya ji an ware shi.

Ana tashi, kafin kowa ya tafi, mutum uku su kulle kansu a ofis su buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya na ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya na sake ƙirgawa, ɗaya na rubutawa. Za a samu ambulan da aka rubuta dubu hamsin a bayansa ciki dubu talatin da biyar, za a samu wanda babu komai sai addu'a. A rubuta abin da aka gani, duka ukun su sa hannu, a ɗauki hoton takardar a tura wa amintattu a daren. Sanarwar da za a fitar washegari ta kasance layi uku: tsaba, tiransifa, alƙawari. Idan kuka haɗe su kuka ce an tara miliyan 60 alhali 22 ce a hannu, nan da wata shida ku za a tambaya ina 38.

Mataki na 8: Bin alƙawari

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Cikin kwana uku kowa ya samu saƙon godiya da lambar asusu. Bayan mako biyu a kira. Bayan wata a je da ƙafa, kuma wanda ya gayyato mutum shi zai bi shi. Mai babban alƙawari a ba shi damar biya kashi-kashi, ya fi a matsa masa ya daina ɗaga waya. Alƙawarin da ya shekara ba a biya ba a cire shi daga lissafi, ba tare da an kunyata kowa a zaure ba. Kuma kada a ba ɗan kwangila aiki, ko a yi wa ɗalibi albishir, a kan kuɗin da bai shigo ba.

Mataki na 9: Karo-karon wata-wata

Ƙaddamarwa sau ɗaya ake yi a shekaru. Abin da ke riƙe gidauniya shi ne ƙaramin kuɗi mai zuwa kullum. Mutum 300 a kan naira 2,000 duk wata sun ba da 600,000, miliyan 7.2 a shekara, wanda ya haura kuɗin yara arba'in ɗin can. Ma'aikata su ba bankinsu umarnin cirewa duk wata. 'Yan kasuwa sun saba da adashi, a naɗa musu mai karɓa a kowace kasuwa da littafin rasit, ya zuba banki duk mako, a kuma riƙa kwatanta lambobin rasit da abin da ya zuba. Kowane aji na tsoffin ɗalibai ya samu wakili, a riƙa fitar da jimillar aji-aji, gasa tsakanin 'yan shekara kaza da na shekara kaza tana aiki fiye da wa'azi. Na ƙasashen waje a buɗe musu hanyar biya ta Paystack ko Flutterwave, ko asusun dala. Azumi kuma lokaci ne na musamman, a shirya masa tun watan Rajab.

Mataki na 10: Fitar da kuɗi

Kowane biya yana da bauca, mai nema daban, mai amincewa daban, mai biya daban. Sayayya mai tsoka a nemi farashi daga wuri uku. Amintaccen da ƙaninsa ke neman kwangilar ya faɗa, ya fita daga ɗakin har a gama. Kuɗin makaranta a biya shi kai tsaye asusun kwaleji da sunan ɗalibi, a karɓo rasit. Zaɓen ɗalibai kuma a yi shi da ƙa'ida rubutacciya da ziyarar gida, domin nan ne "ɗan wane ne" yake shigowa. Kuɗin gudanarwa a sa masa iyaka a kasafi, misali kashi 10 cikin 100, a faɗa wa jama'a tun farko.

Mataki na 11: Wakafi da hauhawar farashi

Manyan jami'o'in duniya da irin wannan asusu suke rayuwa. Na Harvard a Amurka ya haura dala biliyan 50, kuma kusan kashi 5 cikin 100 kawai suke ci a shekara. Ba sabon abu ba ne gare mu, Azhar ta Masar ta yi ƙarnuka tana cin amfanin wakafi. Amma a Najeriya lissafin yana da ƙaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Wakafin miliyan 20 da ya kawo miliyan 3 a irin wannan shekara, idan aka kashe ribar duka, a takarda yana nan, a kasuwa ya rame. Don haka a rubuta ƙa'ida: wani kaso na amfanin a kashe, wani a mayar kan uwar kuɗi, kuma duk shekara a ƙara mata daga sabuwar gudummawa.

Inda za a ajiye: sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda Ofishin Kula da Basussuka ya fara fitarwa a 2017, ko asusun zuba jari na halal mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ko ajiyar mudaraba, ta raba riba, a bankin da ba ya ruwa. Kada a tara komai a banki ɗaya, inshorar NDIC, mai kare kuɗin masu ajiya idan banki ya durƙushe, naira miliyan 5 kawai take rufewa ga mai ajiya a bankin kasuwanci tun 2024. Kada kuma a ba wani amintacce ya "juya" a kasuwarsa, komai gaskiyarsa. Duk mai alƙawarin ribar kashi 10 a wata, a sallame shi da shayi.

Gida ko shago na haya wakafi ne mai kyau a Legas, matuƙar takardu sun cika. A bincika a ofishin filaye da ke Alausa, a rubuta da sunan amintattun gidauniya masu rajista, ba sunan shugaba ba, a kuma nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Filin da rasit na 'yan gado kawai yake da shi shari'a kuka saya. Idan mai bayarwa dattijo ne, a yi sa hannu a gaban 'ya'yansa.

Mataki na 12: Rahoto da hukuma

Duk wata sakataren kuɗi ya kwatanta littafinsa da bayanin banki, wanda ba ya sa hannu ya duba. Duk wata uku a fitar da shafi ɗaya cikin Hausa da Turanci: abin da ya shigo a kowace jaka, abin da ya fita, abin da ya rage. A liƙa a allon kwaleji, a tura zaure, a karanta wa waɗanda ba sa karatun boko a taron kasuwa. Wanda ya ɗauki nauyin ɗalibai a kai masa sakamakon jarrabawarsu har rumfa, da izinin iyayensu. Wannan ziyarar ita ce roƙon baɗi.

Shekara na ƙarewa a kira odita mai lasisin ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wanda ba ɗan'uwan kowa ba ne a kwamiti. Rahoton shekara na CAC tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba ake miƙa shi, dokar 2020 ta kuma buƙaci bayanin halin ƙungiya sau biyu a shekara, da ajiye littattafan kuɗi na shekara shida. Kasancewarku ƙungiyar agaji bai ɗauke muku miƙa bayanan haraji ga hukumar tarayya ba, wadda dokokin 2025 suka sauya mata suna daga FIRS zuwa NRS. Idan kuna da ma'aikaci mai albashi, harajinsa na LIRS ne, hukumar Jihar Legas, kuma kafin 10 ga watan da ke biye ake zuba shi. Ku sa duk ranakun nan a kalanda ɗaya, a naɗa mutum ɗaya mai tunatarwa.

Idan wa'adin kwamiti ya ƙare, miƙa mulki a rubuce ake yi: littattafan rasit da aka cike da waɗanda suka rage da lambobinsu, cek, takardun fili, kalmomin sirri na imel da na banki, da jerin masu bayarwa. A makon ne kuma za a je banki a sauya masu sa hannu da lambobin da alat ke shiga, a sanar da CAC idan amintattu ne suka canza.